Satar Rawar Ɗelu

Ranar Litinin da hantsi aka tarar da ƙofar ɗakin ƙungiyar rawa ta Ɗelu a wangale, kwaɗo yashe a ƙasa. Kafin a je a kira Illo mai bin sawu, rabin Madarumfa ta riga ta zo ganin abin da ya faru, kuma kowa da ƙafafunsa biyu ya zo. Mai tallan kifi ta shiga ta fita, 'yan kabu-kabu sun jingine moto, wato baburansu, a bakin ƙofa, har wata akuya ta leƙa ta bar nata sawun.

Illo ya dubi ƙasa, ya dubi jama'a, ransa ya ɓaci. Shekara arba'in yana bin sawun ɓarayin shanu da jakuna daga bakin tabki har iyakar Nijeriya, amma ko sau ɗaya mutanen garinsu ba su taɓa bar masa wuri yadda ɓarawo ya bar shi ba.

Ya ce, "Sannunku da aiki. Saura ku kawo turmi ku yi daka a wurin, sai a san kun gama."

Ba a taɓa ganguna ba, ba a taɓa zannuwan rawa ba. Abu guda aka ɗauka, wani littafi mai baƙin bango. A cikinsa aka rubuta Rawar Ban-ruwa tun daga takun farko har na ƙarshe, da waƙarta, da ranar da aka ƙara kowane taku. Shekara uku Ɗelu tana haɗa rawar nan: mata goma sha biyu da ƙorai a hannu, suna kwaikwayon yadda ake ɗibar ruwa a tabki a shayar da garka. A makon nan ne za a kai littafin Maraɗi, biro, wato ofishin da ke rajistar ayyukan masu fasaha, a sa sunanta a kan abinta.

Ɗelu na zaune a kan 'yar kujerarta, sandarta a gefe. Duk wanda ya haura arba'in a garin ya san a zamanin ƙungiyar matasa ta samariya babu mai taka rawa kamarta. Sai amalanke ya kife da ita a hanyar dawowa daga kasuwar Gabi, ƙugunta na hagu ya karye. Shekara ashirin da huɗu ke nan ba wanda ya ƙara ganin ta tana rawa. A zaune take koyarwa, da baki da tafi da ɗan kara na nuni. Nusaiba, babbar 'yar rawarta, ita ce ke tashi ta gwada wa sauran abin da ta faɗa.

Ana nan tsaye ana ta cece-kuce sai ga Ɗan Baba makaɗi da rediyo a hannu, yana haki. Faruk ne ke magana a ciki, shugaban wata ƙungiyar rawa ta wajen Safo. Yana shelar cewa ya ƙirƙiro sabuwar rawa mai suna Albarkar Tabki, har ya kai ta biro ranar Juma'a. Daga nan aka saki waƙar. Kai! Ko yaron goye ya san waƙar Ɗelu ce, ba a canja ko kalma ɗaya ba.

Nan take aka buga wa biron waya. Ma'aikaciyar da ta ɗauka, Madam Farida, ta ce takarda ba ita ke ƙirƙirar rawa ba, shaida ce kawai, amma wanda ya riga kawowa shi ke da shaida a hannu. Za ta zo ranar Alhamis ta saurari kowa. In ba a kawo hujja ba, sunan Faruk zai zauna, kuma Ɗelu ba za ta fitar da rawar a gasar jiha ba sai da izininsa.

Sai a lokacin Ɗelu ta buɗe baki. "Yaya Illo, ka nemo mini rawata."

Ya ce, "Haba Ɗelu. Rawa tana da kofato ne?"

"Ban sani ba. Ni dai ba ni da komai a duniyar nan sai ita."

Ya so ya ƙi, ya kasa.

* * *

Ya kori mutane baya da sanda, ya tsuguna. Sawu dai an gama da shi, amma ƙasa ba ta rasa abin faɗa ba. A gefen dokin ƙofa ya ga wani ɗan gurbi mai kusurwa huɗu, ya ɗauki kwaɗon ya ɗora, ya zauna daram. Ya duba ƙarfen ƙofa inda ake rataya kwaɗon, ko ƙwarzane babu.

Ya ce, "Ba a jikin ƙofa aka fasa kwaɗon nan ba. An buɗe shi da makulli, aka ajiye shi ƙasa, aka buga masa dutse don a ce ɓarawon waje ne. Mutum nawa ke da makulli?"

Uku ne: Ɗelu, da Nusaiba mai kula da zannuwa, da Abdurrahman, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da kowa ke kira Mushe, sunan girmamawa na Faransanci, wanda shi ne magatakardan ƙungiya.

Ashsha! Tun kafin ya rufe baki ya san ya yi kuskuren faɗa a gaban jama'a. Ido ya koma kan Nusaiba gaba ɗaya. Wa bai san yayarta ce ke auren Faruk ba? Wata ta ce ta gan ta bisa moto ta nufi Safo, wata ta ce sau biyu ma, wata da ba ta ga komai ba ta ce ita dama tun tuni take zargi. Nusaiba ta dubi Ɗelu tana jiran ta ce wani abu. Ɗelu ta sunkuyar da kai. Yarinyar ta cire makullin daga bakin zanenta, ta ajiye a gaban kujerar, ta tafi tana share hawaye.

* * *

Illo ya fara da Mushe. Ya same shi a zaurensa bayan la'asar, da tabarau a hanci da wata ƙatuwar salula a cinya. Ya tarbi Illo da fara'a har ta so ta yi yawa, ya sa aka kawo ruwa, ya jawo makullinsa ya nuna tun ba a tambaye shi ba.

"Malam Illo, abin nan ni ya fi wa ciwo. Rubutun hannuna ne fa. Shekara goma sha ɗaya ina rubuta wa ƙungiyar nan komai. In an je wasa, lasifika ta ce Ɗelu, jama'a su ce Ɗelu, mu kuwa 'yan riƙon alƙalami muna bayan fage." Ya yi dariya. "To, haka Allah ya tsara."

"Me ya hana a kai littafin tun da wuri?"

"Hidimomi. Wancan watan rashin lafiya, wannan watan biki. Kuma biro ba littafi kaɗai suke karɓa ba, sai an haɗa da bidiyon rawar. Ba mu kai ga ɗauka ba tukuna."

"Wa kake zargi?"

Mushe ya yi ajiyar zuciya. "Ni ba na son ɗaukar alhaki. Nusaiba ɗalibata ce, yarinyar kirki. Amma ka san zumunci, in 'yar'uwa ta matsa..." Ya bar maganar a nan.

Illo ya fito yana juya abin a ransa. Mutumin bai faɗi wani abin kamawa ba. Sai dai shi ya daɗe da lura cewa mai cewa ba ya son ɗaukar alhaki yakan riga ya zaɓi wanda zai ɗora wa.

Ɗan Baba kuwa a bakin kasuwa ya same shi yana ɗaure ganga. An ce an gan shi yana kiɗa a wani biki tare da mutanen Faruk. Da jin haka ya zabura.

"To sai me? Makaɗi ne ni, Baba Illo, inda aka kira ni nan nake zuwa. Ni ko makulli ban da shi, ko karatun boko ban iya ba, in saci littafi in yi filo da shi? Wallahi da ni na koya musu da ba su ɓata kiɗan ba."

"Sun ɓata shi?"

"Ba ka ji a rediyo ba? A taku na bakwai, wurin juyi, gangarsu tana ɗan tsayawa kamar mai jiran wani ya iso. Mu namu juyin sumul yake wucewa. Ragwaye kawai!"

Illo bai san kan kiɗa ba, amma ya ajiye maganar a gefe guda.

* * *

Talata da safe ya tafi gidan su Nusaiba. Uwarta ta so ta hana shi shiga, ta ce ai ya riga ya gama da su, tun jiya ba wanda ya zo ko ɗibar wuta a gidan. Kunya ta kama shi, don gaskiya ta faɗa.

Nusaiba ta fito idanunta sun kumbura. Ya ce, "Ɗiyata, kin je Safo?"

"Na je, Baba. Yayata ta haihu. Na je barka, na koma suna. In wannan ne laifin, na yi."

"Faruk ya yi miki maganar rawa?"

"Ko kallon arziki bai yi mini ba. Ranar sunan ma da na doshi wajen da suke gwaji, bayan rumbunan gidansu, sai ya sa aka ja zana aka rufe. Na ɗauka rowa ce irin ta masu gasa." Ta ɗago ta dube shi. "Zagin gari bai dame ni ba. Inna Ɗelu ce. Tun ina da shekara tara nake tsayawa a gabanta, duk abin da ta faɗa ƙafata ta yi. Kalma ɗaya nake jira ta ce, ba ta ce ba."

"Yaushe suke gwajin?"

"Da sassafe, kafin a tafi gona."

Illo ya tashi. Mutumin da aka sayar wa rawa ba ya ɓoye ta ga wanda ya sayar masa. Amma wannan tunani ne, shi kuwa ba a kiran sa don tunani, abin da za a gani da ido ake so.

* * *

Laraba da hantsi ya sauka daga amalanken wani mai kai wake, ya shiga ƙauyen su Faruk da igiya a hannu yana cigiyar tunkiya. Tsohon da ke neman tunkiya ba mai tanka masa. Ya zagaya bayan rumbuna, ya ɗaga zana ya shiga.

Filin yashi ne mai laushi, an gama gwaji an watse, ko kaza ba ta bi ta kai ba. Rabon Illo da ganin ƙasa mai kyau haka har ya manta. Layi biyu, mutum shida shida, ƙafa ba takalmi. Ya bi sawun ta farko yana ƙirgawa: taku uku gaba, durƙuso wurin ɗibar ruwa, taku uku baya. A na bakwai, wurin juyi, sai ga wani dogon zane a yashi. An ja ƙafar hagu kamar taƙi biyu, diddige ya karkata waje, yatsun dama kuwa sun nutse sosai don su suka ɗauki nauyin jiki duka.

Ya ce a ransa, wannan baiwar Allah tana da ciwon ƙugu. Ya koma kan ta biyu, haka. Ta uku, haka. Har ta goma sha biyu.

Ya miƙe ya riƙe haɓa. "Ikon Allah! Guragu goma sha biyu a ƙauye guda, kuma duk ƙafar hagu?"

Sai maganar Ɗan Baba ta faɗo masa, gangar da ke tsayawa tana jira. Ya sake tsugunawa ya daɗe yana kallon karkatar diddigen nan. Ya san mai wannan ƙugun. Shi ne ya bi sawun jakin da ya tsinke ranar da amalanke ya kife.

Da ya dawo Madarumfa bai ko sha ruwa ba, ya wuce filin da 'yan Ɗelu ke gwaji. Sawun ya tsufa amma ana karanta shi. A taku na bakwai kowacce ta juya a kan yatsu, tsaf, babu ja ko kaɗan.

* * *

Garkar Ɗelu tana bakin tabki, kewaye da zogale. Ya same ta tana cirar ciyawa a cikin albasa. Bai yi mata magana ba bayan sallama, ya bi gefen shinge yana duba ƙasa har ya kai wani lungu bayan bukkar ajiye kaya, inda ba a hangowa daga hanya. Wurin ya daddale kamar daɓe. Ga taku uku gaba, ga durƙuso, ga uku baya, ga dogon zanen nan na ƙafar hagu, sabo a kan tsoho, ya fi a ƙirga.

Ya ji sandarta a bayansa.

"Wa ya ba ka izinin zuwa nan?"

"Ashe kina rawa, Ɗelu."

Ta dogara da sandarta. Sannan ta ce, "Ta yaya zan faɗa wa yara abin da jikina bai gwada ba? Nan nake zuwa bayan asuba in yi ta fama ni kaɗai. In na gane takun, sai in je in zauna in faɗa wa Nusaiba yadda ya kamata ya kasance. Ba yadda nake yi ba."

Ya kwashe abin da ya gani a Safo ya faɗa mata. "Ba daga littafi suka koya ba, don littafi juyin Nusaiba ya rubuta. Ba daga Nusaiba ba, don ita ba ta jan ƙafa. Ke suka gani. Sun ɗauka ciwonki ma cikin rawar yake, suka kwashe har da shi. An ɗauke littafin ne kawai don ki rasa hujja. Wa ya taɓa ganin ki a nan?"

"Babu."

"Ɗelu."

"Na ce babu! Sai dai..." Fuskarta ta canja. Ta dafa bukka. "A'a. Ba zai yi mini haka ba. Na yi shiru an ci mutuncin yarinya, ba zan ƙara da bakina a kan wani ba."

"To bari in kawo madam ɗin gobe ta ga wurin nan."

"A kawo baƙuwa da mutanen gari su ga inda gurguwa ke tsalle?" Kafin ya ankara ta ɗauki bokitin ban-ruwa ta sheƙa a kan sawun, ta bi da ƙafa ta murje. Hawaye na zuba take yi.

Illo ya fusata, irin fushin da yake yi wa masu taka masa sawu, amma tausayi ya danne shi. Ya ce, "Kin goge shaidarki da hannunki. Yanzu saura guda, kuma tana jikinki. Gobe in kin ga dama ki fito da ita, in ba ki ga dama ba rawar ta zama ta Faruk, Nusaiba kuma ta zama ɓarauniya har ta mutu."

Ta juya ta koma cikin albasarta. Ya tafi bai san abin da za ta yi ba.

* * *

Alhamis da hantsi aka taru a inuwar bedi gaban ɗakin ƙungiya. An kawo wa Madam Farida tebur. Faruk ya iso da 'yan rawarsa cikin anko, yana ɗaga wa mutane hannu. Mushe na gefen tebur da tabarau, Ɗan Baba na rungume da ganga, Nusaiba kuwa can baya ta tsaya ita da uwarta, an bar musu fili kamar masu cuta.

Illo ya roƙi abu guda. Ya sa aka share filin, aka yayyafa ruwa, ya raba shi uku da sanda, ya rantse duk wanda ya taka ba da izini ba zai sha sandar nan ko ɗan wane ne.

'Yan Faruk suka fara. Gaskiya sun iya, har wasu marasa kishi suka soma tafi. Da suka gama Illo ya sa suka fita ta gefe. Sai na biyu, 'yan Ɗelu, amma ba mai ja musu gaba. Illo ya ɗaga murya: "Nusaiba, zo ki tsaya wurinki." Aka yi gunaguni. Ta zo kanta a ƙasa, ta yi rawar kamar yadda ta saba, ta koma.

Ya kira Madam Farida ta zo ta duba da idonta. Ya nuna mata zane goma sha biyu a filin farko, ya nuna mata babu ko ɗaya a na biyu.

"Faruk, kai ka ƙirƙiro rawar nan?"

"Ni ne, Baba, da taimakon Allah."

"To mene ne wannan jan ƙafa a taku na bakwai?"

Faruk bai ko ƙifta ido ba. "Ai nan ne gwanintar take. Mai ban-ruwa ce ke buɗe wa ruwa hanya da ƙafarta. Ka ga su nasu babu, don kwaikwayo suka yi, ba su gane ba."

Wallahi ƙaryar ta yi kyau, har Madam Farida ta gyaɗa kai. Illo ya ce, "Na ga masu ban-ruwa tun kafin a haife ka. Da yatsu ake buɗe wa ruwa hanya, ba da diddige a karkace ba. Wannan sawun ƙugun da ya karye ne ya ɗoru a karkace. Mutum ɗaya ke da shi a ƙasar nan."

Kowa ya juya wajen Ɗelu. Faruk ya yi dariya. "Haba jama'a! Inna Ɗelu uwa ce, ba na raina ta. Amma matar da ko tsayuwa ba ta yi sai da sanda, shekara ashirin da wani abu, ita za a ce ta yi wannan juyin?"

Madam Farida ta ce, "Baba, magana ce mai ma'ana, amma ni abin da na gani zan rubuta."

Fili na uku na nan a share, ba kowa a kai. Ɗelu ta dubi filin, ta dubi taron da ya san ta tun tana tashe, sannan ta dubi Nusaiba. Sai ta miƙa wa ta kusa da ita sandarta, ta tuɓe takalmi.

"Ɗan Baba, buga."

Ɗan Baba ya ɗora hannu a kan ganga. Ta karɓi ƙwarya ta shiga. Taku uku gaba, ta durƙusa da ƙyar, ta taso, uku baya. Ba ta yi kyan gani irin na 'yan mata ba, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, gumi ya keto mata. Amma hannuwan nan da wuyan nan, tsofaffin wurin sun gane su, wata tsohuwa har ta fashe da kuka. A taku na bakwai ta juya, ƙafar hagu ta ƙi tasowa, ta biyo ta a ƙasa. Ɗan Baba ya tsayar da ganga ya jira ta, bai ma san ya yi ba. Ta kai rawar har ƙarshe.

Ba tafi, ba guɗa. Madam Farida ta tsuguna da kanta, ta auna zanen Ɗelu da taƙinta, ta je ta auna na 'yan Faruk. Tsawo ɗaya, karkata ɗaya, sai dai na Ɗelu ya fi zurfi.

Illo ya ce, "Ɗelu, yanzu kowa ya gani, ba sauran abin ɓoyo. Kafin yau, wa ya taɓa ganin ki?"

Tana haki ta ce, "Wata uku da suka wuce, Mushe ya ce biro ba sa karɓa sai sun ga mai rawar da kanta. Na kai shi garka ya ɗauke ni da salula. Na sa ya rantse ba mai gani sai ma'aikatan. Bayan kwana biyu ya ce hoton bai fito ba, ya goge."

Mushe ya miƙe. "Na goge! Wallahi sharri ne, Malam Illo ka..."

"Ni kuma ka ce mini ba ku kai ga ɗauka ba. Zauna, Mushe." Illo ya juya. "Madam, sunan mutum nawa ke kan takardar Faruk?"

Ta duba. "Ɗaya ne. Faruk, mai rawa da waƙa da rubutu."

Mushe ya cire tabarau. "Da rubutu? Faruk, ba haka muka yi da kai ba! Ka ce sunana zai..." Ya kama bakinsa, amma ina, ta riga ta fita.

Wuri ya kaure. Faruk ya soma rantse-rantse cewa shi kawo masa aka yi, 'yan rawarsa suka ja gefe suna hararar sa. Aka raka Mushe gida, aka dawo da littafin daga ƙarƙashin katifarsa, ko shafi ɗaya bai iya yagewa ba don rubutunsa ne. Ya tsaya gaban Ɗelu ya kasa ɗaga kai.

"Shekara goma sha ɗaya, Ɗelu. Ko sau ɗaya ba a kira sunana ba."

Ta ce, "Da ka faɗa mini, Mushe, da na sa an rubuta shi kusa da nawa. Ban san yana ci maka rai ba. Amma kai ka san abin da ke ci mini rai, shi ka ɗauka ka kai wa baƙi suka yi ta kallo."

Ta juya ta nemi Nusaiba, ta kwance makullin daga bakin zanenta ta miƙa mata da hannu biyu. "Ɗiyata, na zalunce ki da shiruna. Ki yafe mini." Nusaiba ta faɗa jikinta, suka yi ta kuka, masu cewa sun gan ta bisa moto kuwa kowacce ta samu abin kallo a ƙasa.

Madam Farida ta soke takardar Faruk, ta jawo sabuwa. Ta rubuta suna, ta rubuta Rawar Ban-ruwa, sai ta dakata. "Inna, taku na bakwai fa? Littafi ya ce juyi a kan yatsu. Haka zan sa?"

Ɗelu ta dubi dogon zanen da ƙafarta ta bari a yashi, ta daɗe tana kallo.

"A'a. Rubuta da jan ƙafar. Shekara ashirin da huɗu ina ɓoyon ta, yau ita ta tsaya mini." Ta dubi 'yan rawarta. "Gobe ku zo da wuri. A tsaye zan koya muku."

Illo ya ɗauki sandarsa zai kori jama'a daga kan sawun, kamar yadda ya saba. Sai ya ga ba bukata. Mutanen Madarumfa, waɗanda ba su taɓa bar masa ƙasa ba tun yana saurayi, suna watsewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zo daidai fili na uku sai ya rage tafiya, ya kewaye.